CIWON GAƁOƁI DA MASU TSARON DA KE CIKIN GAƁA

Jama'a, tsofaffi da yawa suna kukan gwiwa da ƙugu, suna cewa sanyin ƙashi ne. Ya kamata kowane mai gida ya san yadda gaɓa ta ke, domin ya san yadda zai kiyaye ta.

Yadda gaɓa ta ke

Kowa ya ga gaɓar akuya in an feɗe ta. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi fari mai santsi, da wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Su ne ke hana ƙashi gugar ƙashi. A gwiwar mutum kaurin guringuntsin nan milimita 2 zuwa 4 ne kawai, amma kuwa in ana tafiya yakan ɗauki nauyin jiki ninki biyu ko uku. Ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan gaɓa ya ke shan abincinsa, sa'ad da motsi ya matse shi ya sake shi. Saboda haka in ya cinye, da wuya ya koma.

Masu tsaro

Cikin guringuntsi akwai 'yan ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu, su ke gyara shi kullum. Kayan aikinsu shi ne furotin, watau abin nan mai gina jiki. Farin ƙwai ma furotin ne. Ku dubi yadda ya ke daskarewa in ya ji wuta, ba ya sake zama ruwa. Haka furotin na cikin ƙwayoyin nan ke iya lalacewa ya cure in wahala ta yi yawa, kamar zafi ko kumburi.

To, Allah ya sa wa ƙwayoyin waɗansu ƙananan furotin masu tsaro. Aikinsu su riƙe wanda ya fara lalacewa kada ya cure, har a gyara shi. A shekarar 1962 wani masani na ƙasar Italiya, Ferruccio Ritossa, ya ga alamar wannan tsaro cikin ƙananan ƙudaje da suka sha zafi. Daga baya aka same shi a jikin mutum. A 2009 da 2010 masu bincike a ƙasar Beljiyam suka tarar biyu daga cikin masu tsaron nan sun ragu a guringuntsin masu ciwon gaɓoɓi. In masu gadi sun ragu, ai ɓarna ta sami hanya: guringuntsi ya yi kaushi, ya tsattsage, gaɓa ta riƙa ciwo da ƙara.

Ku sani fa, babu allura ko ƙwaya a kasuwa da ke ƙara masu tsaron nan. Wanda ya ce yana sayarwa, kuɗinku ya ke so. Abin da ke hannunku shi ne ku rage wa gaɓa wahala.

Abin da za ku yi

1. Kada mai ciwo ya kwanta kwana da kwanaki. Ya riƙa tafiya kaɗan kaɗan, yana miƙe gaɓar yana lanƙwasa ta safe da yamma.
2. A raba kaya biyu, ko a ɗora wa jaki. Tsohuwa ta bar wa yara tulu da dakan turmi.
3. Mai ƙiba ya rage jiki. Mai ciwon gwiwa ya riƙe sanda a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafa.
4. A gasa gaɓar da tsumma da ruwan ɗumi.
5. Kada a yi tsaga ko sakiya a kan gaɓa, gama ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.
6. Kada a sha ƙwayoyin 'yan talla. Waɗansu sukan ci ciki, su ɓata ƙoda.

Wanda ba a jira da shi

In gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, lalle a kai mai ita ɗakin magani a ranar. Mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Haka kuma yaron da ciwo ke yawo masa daga gaɓa zuwa gaɓa bayan ciwon maƙogwaro, gama cutar nan takan taɓa zuciya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.