Kalmar "Stomp": Asalinta da Ma'anarta

A Ingilishi, "stomp" tana nufin buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi, irin takun mai fushi ko mai rawa. Asalinta "stamp" ce, 'yar'uwar "stampfen" ta Jamusanci, sai lafazin Amurka ya sauya wasalinta tun wajen farkon ƙarni na 19.

Abin lura a nan shi ne, da lafazi ya rabu, ma'ana ma ta rabu. "Stamp" ta yi rassa, har ta ƙunshi hatimi da kan sarki, domin su ma dannawa ake yi. Ita kuwa "stomp" tana nan tare da ƙafa. Saboda haka makaɗan jaz suka are ta don kiɗan rawa, kamar "King Porter Stomp" wanda Jelly Roll Morton ya ɗauka a faifai a 1923.