Ƙera sassan jikin mota da faiba a gida: Sana'ar da sirrinta ke cikin mazubi

Duk mai tsohuwar mota ya san wahalar neman bamba ko bonet idan aka yi masa karo. Wani lokacin sai a karaɗe Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba a samu ba, idan kuma an samu ɗan Beljiyam, kuɗinsa ya sa mutum ya ja da baya, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. A irin wannan hali ne faiba ke da rana, domin da ita mutum zai iya ƙera abin da ya ɓace a kasuwa a bayan gidansa, ba tare da injin matsa ƙarfe ba.

Faiba zaren gilashi ne siriri da ake haɗawa kamar tabarma. Idan aka jiƙa shi da wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, sai ya daskare ya yi tauri, ga rashin nauyi, ga shi ba ya tsatsa.

Daga gareji zuwa kasuwar duniya

Aikin ba sabo ba ne. A 1953 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da motar Corvette ta farko guda 300, dukkansu da jikin faiba. A 1964 kuma Bruce Meyers, wani mai ƙera jiragen ruwa a Kalifoniya, ya haɗa motar yawo a rairayi mai suna Meyers Manx a ƙaramin garejinsa, da injin Volkswagen Beetle, wadda ake kira Boswaja.

Motar ta yi farin jini, amma sauƙin aikin ya zame masa matsala. Mutane sun riƙa sayen guda ɗaya, su ɗauki siffarta su yi nasu mazubin, su cika kasuwa da kwaikwayo. Ya je kotu bai yi nasara ba, kuma kamfaninsa ya rufe a 1971. Wanda ke da mazubi, shi ke da kasuwa.

Yadda ake yin mazubi

Matakin farko shi ne samfuri, wato ainihin siffar abin da ake so. Ana iya amfani da lafiyayyen bamba, ko a sassaƙa sabon fasali da katako da soso mai tauri, a bi shi da filar da masu fenti ke cike lotsawa da ita, a goge da sanfefa har ya yi sumul. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin bai dace ba sai an rufe shi, domin rezin na narkar da shi.

A nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Duk ƙarzanen da aka bari a samfuri zai fito a mazubi, ya kuma fito a kowane bamba da aka zuba daga baya.

Daga nan sai a shafe samfurin da kaki na musamman sau da yawa, don kada mazubin ya manne masa. Sai a shafa jelkot, wanda shi ne zai zama fuska mai santsi. Idan ya fara kamawa, sai a riƙa shimfiɗa faiba ana jiƙa ta da rezin da buroshi, ana bi da ƙaramar rola don fitar da iska, hawa bayan hawa. Dole mazubi ya fi abin da za a zuba kauri, a kuma tallafe bayansa da katako don kada ya karkace. Idan siffar tana da lungu, ana raba mazubin gida biyu a ɗaure da ƙusoshi, in ba haka ba abin zai maƙale a ciki.

Bayan ya bushe an ɓanɓare shi, sai a maimaita aikin a cikinsa: kaki, jelkot, faiba da rezin. Mazubi mai kyau na iya fitar da kaya da yawa.

Zafi da sinadarai

Rezin ba ya daskarewa sai an ɗiga masa sinadarin MEKP, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Zafi na hanzarta daskarewar, don haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Arewa, kwaɓin na iya sandarewa a kofi kafin a kai rabin aiki. Dabarar ita ce a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe.

Sinadaran kuma ba abin wasa ba ne. Ɗigon MEKP a ido na iya makantar da mutum. Warin rezin na sa jiri da ciwon kai, asiton ɗin wanke buroshi na kama wuta nan take, ƙurar faiba kuma na sa ƙaiƙayi da tari. Tabarau, safar hannu da takunkumi mai tace sinadarai wajibi ne, kuma aikin na fili ne, nesa da yara da murhun girki.

Inda faiba ta tsaya

Yawancin bamban motocin zamani na roba ne mai lanƙwasa, shi ya sa facin faiba ba ya kama shi sosai. Faiba kuwa tsagewa take yi idan ta sha bugu. Abin da ke kare rai a lokacin karo shi ne ƙarfen da ke bayan bamba da ƙashin motar, don haka bai kamata a cire su ko a musanya su da faiba ba. Bonet na faiba ma na buƙatar ƙarin maɗauri, domin idan makullinsa ya saki ana gudu, zai iya ɗagowa ya rufe wa direba gaba.

Ga matashin da ke neman sana'a, jarin farawa bai kai na buɗe babban gareji ba. Sai dai gara ya fara da ƙaramin abu kamar murfin madubi kafin ya taɓa bonet, ya kuma gaya wa mai mota gaskiya: faiba sutura ce, ba garkuwa ba.