Yadda Ake Ƙimanta Kuɗin Tsohuwar Ƙaramar Bindiga

A ƙasashe kamar Ingila da Amurka, manomi da yawa yana ajiye wata ƙaramar bindiga don zomaye da ɓeraye da sauran masu ɓarnar amfanin gona. Ana kiranta da lambar faɗin bakinta, watau .22 na inci, wajen milimita 5.6 ke nan. Maganin da ke tayar da wutar harsashinta yana kewaye da gefen gindin kwanso ne, ba a tsakiya ba. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845, kuma dogon harsashin da aka fi aiki da shi ya fito a Amurka a 1887.

Masu sayen irin wannan bindiga da yawa tsohuwa suke nema don sauƙin kuɗi. To, a nan ne ake cutar wanda bai sani ba. Mai sayen sa ba ya tsayawa ga ƙaho, sai ya buɗe baki ya duba haƙora. Haka bindiga take: darajarta tana cikin bututu, ba ga ƙyallin ƙota ba.

Da farko mai saye ya tabbatar ba harsashi a ciki. Sa'an nan ya zare sakata, ya ɗaga bututun wajen haske, ya leƙa. Zai ga wani zane yana murɗewa daga gindi har baki. Shi ne ke juya harsashi ya tafi sosai. In zanen ya fito fes, bututun yana da rai. Harsashin wannan bindiga na dalma ne, mai taushi, saboda haka harbi bai cika cinye bututu ba. Tsatsa da mugun goge su ne ke kashe shi. In an ga ramuka na tsatsa, kuɗi ya faɗi ƙwarai. In kuwa an ga wani baƙin zobe a ciki, ko aka shafa waje aka ji kumburi, alama ce wani harsashi ya taɓa maƙalewa aka harba wani a bayansa. Irin wannan a bar wa mai ita.

Abu na biyu, a duba bakin ɗakin da harsashi ke zama. In an saba danna kunama ba harsashi, allurar takan bugi gefen ɗakin ta loɓa shi. Daga nan sai kwanso ya riƙa maƙalewa, ko bindiga ta ƙi tashi. Na uku, a duba leɓen bakin bututu, don ɗan tsagu kaɗan a nan yana karkatar da harbi. Na huɗu, a sa makullin tsaro a ja kunama. In ta faɗa, bindigar hatsari ce ga mai ita da iyalinsa. Bayan wannan sai a duba tsagewar ƙota da kusoshin da aka lalata.

Ba a cinikin biri a sama. Lalle a gwada ta inda doka ta yarda, da tudun ƙasa a bayan abin bara, gama wannan ɗan harsashi yana iya tafiya fiye da mil guda. A ɗora ta bisa buhu, a harba biyar daga yadi 50. In duk sun taru cikin inci biyu, ta isa aikin gona.

Yanzu sai lissafi. A fara da kuɗin sabuwa irinta. Kada a bi abin da masu sayarwa suke kira, a nemi abin da aka saya da gaske. A Amurka akwai littafin da ake kira Blue Book of Gun Values, wanda ke jera farashi bisa ga yawan fentin asali da ya rage a jiki. Ga misali: a ce sabuwa dala 300 ce. Tsohuwa mai lafiya, mai saye ya fara daga kashi biyu cikin uku, dala 200 ke nan. Gidan harsashi ya ɓace, sabo dala 25. Gyaran ƙota dala 30. Saura dala 145. Wannan shi ne kuɗin gaskiya. Madubin hange mai araha da aka ɗaura mata ba ya ƙara kome sai kaɗan.

Tsufa kaɗai ba ya ƙara kuɗi. Marlin Model 60 ta fito a 1960, Ruger 10/22 kuwa a 1964, kuma an ƙera miliyoyinsu. Abin da ya cika kasuwa ba ya tsada, amma kayan gyaransa ba ya wuyar samu. Wanda aka daina ƙerawa kuwa, allura ɗaya tana iya sa shi zaman banza shekara guda.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi duka. A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mallakar irin wannan bindiga ba lasin, kuma a 2023 hukumar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Lasin mai sayarwa ba ya bin bindiga zuwa hannun mai saye. A gwada lambar jikinta da ta takarda. In an kankare lamba, ko ba takarda, ko kyauta ce ba ta da araha, don ƙarshenta kurkuku. Manomin da bai samu izini ba ya koma ga tarko da shinge da gadin gona, ya kwana lafiya da hatsinsa.