Wasan golf: idan kwatangwalo ya sandare, kwankwaso ke biyan bashi

Wanda ya ga wasan golf a talabijin zai ɗauka wasan hutu ne: mutum na tafiya a hankali, ya tsaya ya bugi ƴar ƙwallo mai nauyin giram 46, ya ci gaba da tafiyarsa. Amma wannan bugun, da ba ya kai sakan 2, yana cikin motsin da ya fi wahalar da ƙashin baya a fagen wasanni. Ciwon kwankwaso shi ne raunin da ya fi addabar masu buga golf, ƙwararru da ƴan koyo baki ɗaya.

Maganar ta shafe mu. A wajen birnin Yamai, kan hanyar Tillaberi, akwai filin golf na Rio Bravo, inda ake wasa a kan rairayi da tsakuwa, mai wasa na yawo da ɗan guntun ciyawar roba da yake ɗora ƙwallo a kai. Sau da yawa golf wasa ne da mutum ke farawa da girma, bayan shekaru yana zaman kujera a biro. Irin wannan jikin ne kuwa ya fi saurin jin ciwo.

Daga ina ƙarfin bugu yake fitowa?

Ɗan koyo yakan ɗauka damtse ne ke tura ƙwallo nesa. Duk wanda ya saba kallon kokowa ya san ba da hannu kaɗai ake kayar da ƙato ba: ɗan kokowa yana kafa ƙafa ne, ya murɗa ƙugu, hannu ya ƙarasa aiki. Haka abin yake a golf. Ƙafafu su danna ƙasa, kwatangwalo ya fara juyawa, ƙirji ya biyo baya, sannan hannuwa, daga ƙarshe sanda. Kowane sashe yana miƙa wa na gaba gudunsa, kamar yadda bulala ke tara ƙarfi har zuwa bakinta.

A shekarar 1992 wani malamin golf ɗan Amurka, Jim McLean, ya jawo hankali kan tazarar da ke tsakanin juyin kafaɗu da juyin kwatangwalo. Idan ƙwararre ya ɗaga sanda, kafaɗunsa kan juya kusan digiri 90, kwatangwalo kuma kusan 45. Wannan bambancin yana ɗame tsokokin ciki da na baya kamar robar baka, sai su saki ƙarfin cikin kusan kwatan sakan. Shi ya sa kan sandar manyan ƴan wasan duniya ke gudun kilomita 180 a awa, wasu ma fiye da haka, lokacin da ya haɗu da ƙwallo.

Abin da ya sa kwankwaso ke shan wuya

Ƙashin baya ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Sashen da haƙarƙari ke manne da shi yana da gaɓoɓi 12, kuma yana iya juyawa kusan digiri 35. Na kwankwaso gaɓoɓi 5 ne manya, aikinsu ɗaukar nauyi da sunkuyo, juyinsu duka bai wuce digiri 10 zuwa 15 ba. Ƙasa da su kuma akwai kwatangwalo, inda kan ƙashin cinya ke zaune cikin gurbinsa kamar taɓarya a turmi, yana juyawa ko ta ina.

Ke nan kwankwaso na tsakanin maƙwabta biyu masu juyi. Muddin suna aikinsu, shi nasa tsayuwa daram. Amma zaman kujera da na mota na sa'o'i yana gajarta tsokokin gaban cinya, ya raunana na mazaunai, ya ranƙwafa gadon baya. Ranar da mai wannan jiki ya ɗauki sanda ya ce sai ya juya kamar ƙwararre, juyin da sama da ƙasa suka hana shi, daga kwankwaso zai ƙwato shi. Masu bincike a Amurka sun auna cewa a lokacin bugu, nauyin da ke danne kwankwaso yakan kai ninki 8 na nauyin mutum. Kuma gefe ɗaya ake juyawa kullum, sau da dama a wasa guda. A hankali sai faifan da ke tsakanin gaɓoɓi ya gaji, wani lokaci ya bulluƙo ya danne jijiya.

A filin da ƙasa ke da tauri, akwai ƙarin matsala: idan sanda ta daki ƙasa, girgizar na hawa wuyan hannu da gwiwar hannu.

Darasin manyan ƴan wasa

Gary Player, ɗan Afirka ta Kudu da aka haifa a 1935, ya shahara da motsa jiki a lokacin da sauran ƴan wasa ke ganin ɗaga ƙarfe zai ɓata musu bugu. Ya ci manyan kofuna 9, kuma ya wuce shekara 80 yana buga ƙwallo.

Tiger Woods ne ya sauya tunanin kowa. Da ya ci gasar Masters a 1997, yana da shekara 21, da ratar bugu 12, sai matasan ƴan wasa suka rungumi ɗakin motsa jiki. Sai dai labarinsa na da fuska biyu. A 2008 ya ci gasar US Open da tsinkakkiyar jijiya a gwiwarsa ta hagu. Daga 2014 zuwa 2017 an yi masa tiyata sau 4 a baya, a ta ƙarshe aka haɗe gaɓoɓi biyu na ƙasan kwankwasonsa suka zama ɗaya. Ya dawo ya sake cin Masters a 2019, babban kofinsa na 15. Abin lura shi ne, ƙarfin tsoka na ƙara gudun sanda, amma yawan gudu da yawan maimaitawa na ƙara wa baya nauyi. Dole ƙarfi ya tafi tare da laushin gaɓoɓi da hutu.

Ga ƴan koyo ma akwai hujja. Wani bincike da jami'ar Pittsburgh ta wallafa a 2007 ya nuna cewa masu wasan nishaɗi da suka yi makonni 8 suna horon ƙarfi, miƙa jiki da daidaiton tsayuwa sun ƙara gudun sanda da kusan kashi 5 cikin 100.

Gwada kanka kafin ka fara

Zauna a kujera, ka haɗa gwiwoyi, ka gicciya sanda a kafaɗunka, ka juya dama da hagu ba tare da ƙugu ya motsa ba. Ya kamata ka kai rabin kusurwa, wato digiri 45, ta kowane gefe. Sannan ka miƙe, ka gwada taɓa yatsun ƙafa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Daga ƙarshe ka tsaya da ƙafa ɗaya na sakan 20. Inda ka kasa, nan ne aikinka yake.

Horon ba ya buƙatar na'ura, tabarma ta isa:

Don gadon baya: kwanta a gefe, gwiwoyi a naɗe, hannuwa a miƙe gabanka. Ɗaga hannun sama ka kai shi bayanka kana bin sa da ido, gwiwoyi na nan a haɗe. Sau 10 kowane gefe.

Don gaban cinya: durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗayar ƙafar a gaba, ka matse mazaunai ka tura ƙugu gaba kaɗan. Riƙe na sakan 30.

Don mazaunai: kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka sauke a hankali. Sau 12. Ƙara da tsugunne da miƙewa, sau 10 zuwa 15.

Don ciki da baya: yi rarrafe, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu lokaci guda ba tare da baya ya lotsa ba, sannan ka sauya.

Minti 20, sau 3 a mako, ya wadatar da mai farawa. Kafin wasa kuma a ɗumama jiki na minti 10: tafiya da sauri, kaɗa hannuwa da ƙafafu, ƙananan bugu kafin manya. Doguwar miƙa ta tsayawa cik a bar ta sai bayan wasa, don tana iya rage kuzarin tsoka na ɗan lokaci. Yana da kyau kuma a riƙa kaɗa sanda ta ɗaya gefen, don jiki ya daidaita.

Zafi da doguwar tafiya

Zagaye ramuka 18 tafiya ce ta kusan kilomita 8, cikin sa'o'i 4 ko fiye. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gajiya na sa ƙafafu su daina aikinsu a ramukan ƙarshe, nauyi ya koma kan baya. Maganin shi ne tafiyar ƙafa ta yau da kullum, fita da sassafe, hula, da shan ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta zo ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya nemi shawarar likita kafin ya fara.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma idan ciwo na sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, ko ƙafa ta yi sanyi tana mutuwa, a ajiye sanda a ga likita. Idan kuwa riƙe fitsari ya gagara, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar.