Maɗaurin Mazubi: Ƙaramin Ƙarfe Mai Tsare Ran Ma'aikaci

Birnin Agadas ya daɗe da sanin aikin zubi. Maƙeran farfaru sukan siffanta sarƙar nan da ta yi suna a duniya da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan su zuba azurfa, wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962. Masu zubin tukwanen alminiyom kuwa sukan danne mazubinsu na yashi da nauyi, domin kada narkakken ƙarfe ya ɗaga shi ya kwararo bisa ƙafafunsu. Dukansu sun san doka ɗaya: mazubin da ba a riƙe shi da kyau ba, abokin gaba ne.

Wannan doka ita ce ke aiki a masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Calawa a Kano, inda ake yin irin butoci da bokitai da kwanonin da ke biyo hanyar Damagaram da Tanut har su iso kasuwannin Agadas. Duk saurayin da ya tafi neman aiki can, da duk attajirin da ke niyyar kafa irin wannan inji a gida, ya kamata ya fahimce ta.

Yadda injin ke aiki

A shekarar 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa suka yi rajistar injin farko a Amurka. Injin yana narkar da ƙwayoyin roba da zafin da ya wuce digiri 200, ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Kwano mai faɗin santimita 30 yana iya bukatar matsi na tan 200 kafin mazubin ya zauna a rufe. Injin ne ke ba da wannan matsi. Maɗaurai kuwa aikinsu dabam ne: su ke riƙe kowane ɓari jikin allon ƙarfe na injin. A lokacin da mazubi ya buɗe, nauyinsa da fizgar buɗewa duk a kansu suke. Dunƙulen ƙarfe mai rabin mita ta kowace fuska ya kusa tan ɗaya. Idan ya suɓuce, ba hannu ko ƙafar da za ta tsira.

Zaɓen maɗauri

Maɗaurai iri uku ne: na noti, da mai aiki da ƙarfin mai, da na maganaɗisu. Biyun ƙarshe suna gaggauta canjin mazubi, amma suna da tsada. Na noti shi ne ya fi yawa, shi ne kuma aka fi yin sakaci da shi.

Maɗaurin noti guntun ƙarfe ne mai baki da dunduniya. Bakin yana danne gefen mazubi, dunduniyar tana dogara da allon inji. Wajibi ne tsayin dunduniya ya yi daidai da kaurin gefen mazubi, domin maɗaurin ya kwanta sosai ba karkata. Notin kuma ya fi kusa da baki bisa ga dunduniya, in ba haka ba yawancin ƙarfinsa zai tafi ga allo, ya bar mazubi.

A dubi lambar da ke bisa kan noti: 8.8 ko 10.9 ko 12.9, watau shaidar ƙarfinsa. Notin da ba shi da lamba ba na wannan aiki ba ne. Ya shiga ramin allo aƙalla kaurinsa sau ɗaya da rabi, watau noti mai milimita 16 ya nutse milimita 24. Kowane ɓari yana bukatar maɗaurai huɗu ko fiye, gwargwadon nauyinsa, a raba su daidai dama da hagu.

Kiyaye rai wajen ɗauri

Kada a saki ƙugiyar da ta ɗago mazubi sai an gama ɗaure shi. Kafin ma'aikaci ya sa jikinsa tsakanin allunan, a yanke wutar lantarki, a sa kwaɗo ga makunnin, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa. A ɗaure notuna da sifana mai awon ƙarfi, ba da ƙarin bututu ba, domin notin da aka matsa fiye da kima yakan miƙe ya karye. Bayan mazubi ya ɗauki zafi, a sake duba su. Maɗaurin da ya tsage ko ya lanƙwashe a jefar da shi, kada a yi masa walda.

Duniya ta tsara ƙa'idar tsaron waɗannan injuna mai lamba ISO 20430 a shekarar 2020. Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare ransu da lafiyarsu. Saboda haka ya dace masu duba ƙwadago su riƙa tambayar wanda ya ɗaura mazubi, da ranar da aka duba maɗauransa. Kuɗin noti huɗu bai kai na jinyar yatsa ɗaya ba. Hausawa sun ce: raina kama ka ga gayya.