Idan Katafila Ta Fara Magana da Lambobi: Yadda Ake Gano Ciwon Injin Haƙa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A kudancin jihar Katsina, injin haƙa ƙasa da jama'a ke kira katafila ba baƙo ba ne. Shi ke ɗebo jar ƙasa domin cikon hanya, shi ke yashe madatsun ruwa kafin damina, kuma a yankin Ƙanƙara, wanda ya yi suna da farar ƙasa, ana buƙatarsa a wuraren haƙa. Sai dai katafilar yau ta bambanta da ta da. Tana ɗauke da kwamfuta wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, kuma da zarar ta hango matsala sai ta fitar da lamba a allon gaban direba, wani lokaci ma ta rage wa injin ƙarfi.

A wannan yanki, tsayuwar inji ba ƙaramar asara ba ce. Kuɗin haya na tafiya kullum, leburori na zaman jira, kuma masu na'urar bincike galibi suna Kano, Kaduna ko Abuja. Ga kuma matsalar tsaro da ta daɗe tana addabar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, wadda ta sa ba mai son injinsa ya kwana a daji. Shi ya sa iya karanta lambar tun a wurin aiki ke da matuƙar amfani.

Me lambobin ke nufi?

A injinan Caterpillar, lambar na da sassa uku. MID na nuna wace ƙwaƙwalwa ce ta kawo ƙara, CID na nuna kayan da abin ya shafa, FMI kuma na faɗin irin lalacewar. Misali, CID 110 sansa ce mai auna zafin ruwan inji, CID 100 mai auna ƙarfin baƙin mai, CID 190 mai auna gudun inji, CID 168 kuwa ƙarfin wutar injin gaba ɗaya.

A ɓangaren FMI, 3 na nufin wuta ta haura ƙima, 4 ta yi ƙasa, 5 yawanci waya ce ta katse, 2 kuma saƙon na rawa ne, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Injina da dama na wasu kamfanoni na bin tsarin J1939, inda ake amfani da SPN maimakon CID, amma ma'anar waɗannan lambobi na FMI ɗaya ce. Komatsu na da nata salon: a PC200-8, lambar CA559 na nufin ƙarfin man gas a bututun da ke ciyar da injektoci ya faɗi.

Kuskuren da ke cin kuɗi

Lamba ba ta cewa a sauya kaya, wurin da za a fara dubawa kawai take nunawa. Idan allo ya nuna 110-3, ba ana nufin inji ya yi zafi ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke ganin wutar da ba ta dace ba a layin sansar. Sau da yawa laifin waya ce da ta gurje ko soket da ya yi tsatsa. Wanda ya garzaya Funtuwa ko Kano ya sayo sabuwar sansa zai iya dawowa ya tarar lambar na nan daram.

E361 kuwa wani abu ne daban. Ita tana cewa ruwan inji ya yi zafi da gaske, don haka lagireto, fanka da bel za a duba. E360 na nufin ƙarfin baƙin mai ya ragu, kuma wannan ba lambar da ake ci gaba da aiki a kanta ba ce, domin inji na iya bugawa.

Matakan farko a wurin aiki

Na farko, a ɗauki hoton allon da waya kafin a taɓa komai, tare da awoyin aikin injin. A bambance lambar da ke nan yanzu da tsohuwar da ƙwaƙwalwa ta adana.

Na biyu, a auna batir. Yawancin manyan injinan haƙa na aiki da bolt 24, kuma idan inji na kunne ya kamata mita ta nuna kusan 28. Raunin batir ko sakwarkwacewar wayar da ke haɗe da jikin inji kan haifar da tarin lambobi marasa alaƙa da juna.

Na uku, a duba soket da wayoyi. Ƙurar hunturu, lakar damina da ɓerayen da ke shiga injin da ya daɗe a ajiye duk suna yi musu illa. Sansoshi da yawa na karɓar bolt 5. Idan babu shi a bakin soket, matsalar ba daga sansar take ba.

Na huɗu, idan lambar ta shafi sadarwa tsakanin ƙwaƙwale, a cire batir a auna tsakanin wayoyi biyu na layin CAN. Om 60 alamar lafiya ce, 120 na nuna layi ya katse ko ɗaya daga cikin maƙallan ƙarshensa ya ɓace, kusan sifili kuma wayoyin sun haɗe.

Na biyar, a tuna da mai. Man gas da aka ajiye a duro ko jarka kan tara ruwa da datti, kuma injektocin zamani ba sa jure su. Kafin a zargi famfo saboda CA559, a tsiyaye kofin tace ruwa, a duba filta.

Inda mita ta tsaya

Akwai aikin da sai da kwamfutar hannu da manhaja irin Cat ET, kamar gwada silinda ɗaya bayan ɗaya ko shigar da lambar sabuwar injekta. Nan ne ake neman ƙwararre ko dillalin kamfani, kamar Mantrac mai wakiltar Caterpillar a Najeriya. Amma idan an tura masa hoton lambar da sakamakon awo ta WhatsApp, zai taho da kayan da suka dace a zuwa ɗaya.

Sannan kafin a yi walda a jikin inji, a cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa, domin wutar walda na iya ƙona ta. Goge lamba ba tare da gyara sanadinta ba kuwa ɓoye ciwo ne kawai. Za ta dawo, wataƙila a lokacin da inji ke tsakiyar rami nesa da gari.