Jan Layi a Littafin Bashi

Jama'a, kowa ya san cinikin shanu ba ya tafiya sai da bashi. A Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, da sauran ƙauyukanmu na Jazira har Damazin, yaranmu ne ke riƙe mana lissafi a Excel. Sun sa masa ƙa'ida, wato idan ajalin biya ya wuce, layin mutum ya rine ja. Madalla, sai dai na'ura ba ta san mutunci ba.

Mu kanmu mun taɓa aika wa wani dattijo neman kuɗin bijimai biyu, ashe ya riga ya biya. Da aka bincika, jan na maƙwabcinsa ne a jadawali. Yaron ya zaɓi layuka daga na 2, amma ya rubuta D1 a ƙa'idar, sai launi ya goce da layi guda tun daga sama har ƙasa. Dole lambar layin ƙa'ida ta dace da layin farko da aka zaɓa, a kuma sa alamar $ gaban harafin, kamar $D2, don layin ya rinu gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne bashin da ya ƙi yin ja. Kwanan watan da aka kwafo daga saƙon waya, musamman da lambobin Larabci, sau da yawa na'ura tana ɗaukarsa rubutu ne kawai. A wurin Excel kuwa rubutu ya fi kowace lamba girma, saboda haka ajalin ba zai taɓa wucewa ba. Mai shanu yana zaune, fam ɗin Sudan yana zubewa kamar yadda ya yi tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, kuɗin sa ya koma na maraƙi. Gwajin ba wuya: a rubuta =ISNUMBER(D2) a wani gurbi. In ta ce FALSE, a goge kwanan watan a sake bugawa da hannu.

Gurbin da aka bari fayau kuma sifiri take lissafa shi, shi ya sa yake yin ja ba dalili. In ajali yana D, ragowar bashi yana E, ga wadda muke aiki da ita:

=AND($D2<>"",$D2<TODAY(),$E2>0)

In na'urarku ta ƙi karɓa, ku canza waƙafin zuwa alamar (;). Don wasu haka aka saita su.